Sa ido kan janareta daga nesa: na'urar allon sarrafawa ko akwatin gama-gari?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a kan janaretansa na ko-ta-kwana da ke wurin da ba kullum ake samun mutum ba. Yana son sanin wanne ya fi: na'urar da ake jonawa da allon sarrafa injin, ko akwatin gama-gari da ake ɗaura wa kowane inji, mai aiko da saƙon tes idan wani abu ya faru.

Malam, bambancinsu yana ga abin da kowanne yake iya gani. Na'urar farko tana karanta allon ne kai tsaye, sau da yawa ta hanyar Modbus, tsarin musayar bayanai da kamfanin Modicon ya fito da shi a 1979, saboda haka duk abin da allon ya sani ita ma ta sani: matsin baƙin mai, zafin ruwan lagireto, ƙarfin batir, nauyin lantarkin da injin ya ɗauka, awannin aikinsa, da dalilin mutuwarsa. Tsarin sa ido na DSEWebNet na kamfanin Deep Sea Electronics da WebSupervisor na kamfanin ComAp duk irin wannan ne. Shi kuwa akwatin, iyakar saninsa abin da aka ja masa waya: wuta ta ɗauke, inji ya tashi, inji ya mutu, mai ya yi ƙasa. Zai shaida maka cewa janareta ya tsaya, amma makaniki zai kama hanya bai san kayan da zai riƙe ba.

Inda tazarar ta fi fitowa shi ne batun nauyi. Injin dizal da ya daɗe yana aiki da nauyi kaɗan ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai ragowar man da baƙin hayaƙi su riƙa taruwa a salansa. Ƙa'idar NFPA 110 ta Amurka, wadda ta shafi janaretocin ko-ta-kwana, ta tanadi gwaji duk wata na aƙalla minti 30, kuma ɗaya daga cikin ma'aunanta shi ne nauyin kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin injin. Akwatin da ba a ƙara masa ma'aunin lantarki ba zai rubuta cewa an yi gwaji, alhali mai yiwuwa injin ya yi ta gudu ne babu abin da ya ɗauka.

A wajen batir kusan kunnen doki suke, kuma wannan muhimmi ne, domin mutuwar batir tana sahun gaba cikin abubuwan da ke hana janareta tashi. Batir mai volt 12 da ke kan caja yakan wuce 13. Idan ya sauko zuwa 12.6 ya ci gaba da raguwa, caja ta daina aiki.

Akwatin yana da nasa wurin. Tsohon inji marar allon zamani ba shi da wani zaɓi, kuma mai injuna na kamfanoni daban-daban zai fi son ya gan su duka a manhaja ɗaya.

A ganina, idan allonka yana da wurin jona Modbus, ka ɗauki na farko. Kowanne ka zaɓa, ka nemi mai layin waya da batir na kansa, domin Wi-Fi yakan ɗauke tare da wutar da kake son a sanar da kai ɗaukewarta, kuma ka tabbatar tsarin yana yi maka gargaɗi idan na'urar ta yi shiru. Tayar da inji daga nesa kuwa, kada a buɗe wannan damar sai an kafa dokar cewa duk wanda zai sa hannu a injin ya fara mayar da allon kan "kashe" ya cire kan batir, domin mai danna waya ba ya ganin hannun da ke kusa da fanka.