Yaya ga labarin Tansen, garin da ke maƙale a jikin dutse

Salam Yaya, ya gida ya yara, a gaishe min da su Inna. Hutun nan na bar Katmandu na je Tansen a gundumar Palpa, yammacin Nefal. Daga Butwal kilomita wajen 40 ne kacal amma hanyar Siddhartha duk kwana-kwana ce, dutse a hannu ɗaya rami a ɗaya, da damina ƙasa na zaftarewa ta toshe hanya. Direbobinsu wlh basu fi namu hankali ba, hon kawai suke dannawa su shige kwana, kuma lodin sai an cika mota har ƙofa.

Akwai wata fada a garin da na shiga, sunanta Tansen Durbar, wani gwamna daga zuri'ar Rana da suka mulki Nefal a da, Pratap Shamsher, ya gina ta a 1927, daga baya ta koma ofisoshin gwamnati, to a watan Janairu 2006 'yan tawaye masu bin aƙidar gurguzu ta Mao suka far wa garin cikin dare fadar ta ƙone, shine aka sake gina ta aka mai da ita gidan tarihi. Gaskiya kayan ciki basu kai na Gidan Makama na Kano ba, tsofaffin makamai ne da tufafin ƙabilun yankin da kayan aikin gida, kuma ginin kana shiga ka san sabo ne. Amma ko ina a share, fitila a kunne. Wuta kam sun wuce mu, da ruwan kogunansu suke samar da ita, tun wajen 2018 suka daina rabon wuta na awa-awa, inda nake zaune ba mai janareta ko ɗaya. Abu ɗaya dake ban haushi a ƙasar nan, wuraren tarihi da yawa kuɗin shigan baƙo daban na ɗan ƙasa daban.

Kasuwar da ke gangaren fadar ita ta fi ɗauke min hankali. Akwai saƙin hannu da suke kira daka, na Palpa ya yi suna duk ƙasar, da shi ake ɗinka hular da mazansu ke sawa, daga minista har mai shayi, ango ma ita zai sa ranar biki. Mata ne galibi ke saƙawa, kana tsaye kana kallo, zare kala-kala ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na hannu ya fi na inji tsada sosai kuma mai shago bai ɓoye min ba, ya ajiye biyun a gabana yace in juya bayan in duba. Na dai gwada da saƙinmu na gida, namu ya fi kauri da nauyi, nasu ya fi ƙananan zane. Sai butocin tagulla masu dogon baki da maƙeran garin ke zubawa, suna da nauyi, irin wanda Inna zata jera a kabet ta hana kowa taɓawa. Ciniki ana yi amma basa rage da yawa, kuma har ɗan ƙaramin shago yana da lambar QR ka biya da waya take, ba zancen jiran alat.

Abinci kuwa dal bat ne safe da dare, shinkafa da romon wake da ganye, ka biya sau ɗaya suna ta ƙara maka har sai ka rufe faranti da hannu. Saniya ba'a yanka ta, doka ta hana, bauna suke ci, ni kam in ban tabbatar da yankan ba sai in tsaya a kayan lambu.

Wanda yace zai biyo ni ki faɗa masa mai fasfo ɗin Najeriya ba'a bashi biza a filin jirgi, sai ya nema tun kafin ya taso. Ki auno min kan Baba da zare ki turo min tsawon, hular tasu bata buɗewa kamar zanna, in ta matse shikenan.