Kantin da ya yarda a dawo masa da kaya, da yadda masu saye suka yi da yardar

Shekara 4 ke nan ina sayen kayan yara da takalma a wani kanti da ke kan titin gidan Zoo a cikin Kano, kuma ba zan ambaci sunansa ba, domin cikin abin da zan faɗa akwai yabo, akwai kuma ƙorafi. Kanti ne matsakaici da ke sayar da ɗinkakkun kaya: kaftanin yara, jallabiya, abaya, mayafai, jakunkuna da takalman maza da na mata. Kowane kaya da farashinsa a manne, babu tayi babu albarka. Abin da ya fara kai ni wurin shi ne wata sanarwa da aka liƙa a bayan teburin biyan kuɗi, wadda ta ce duk wanda ya sayi kaya yana da kwana 7 da zai iya dawo da su, a canza masa ko a mayar masa da kuɗinsa, matuƙar ya zo da rasit kuma kayan suna yadda ya ɗauke su.

Wanda ya saba da Kantin Kwari ko Sabon Gari ko Ƙofar Wambai ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A can, da zarar an sallama maka, ko almakashi ya shiga cikin yadi, magana ta ƙare, sai dai in akwai sanayya tsakaninka da mai shago. Rasitai da yawa ma a ƙasansu an buga da Turanci cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Ga magidanci mai yara 5 kamar ni, wanda ba zai iya kwaso su duka zuwa kasuwa a cikin azumi don a gwada wa kowa takalmi ba, damar zuwa gida da kaya a gwada a natse ta fi ragin 'yan kuɗi daraja.

Kayan kantin masu kyau ne, kuma har yau ban canza ra'ayi a kan haka ba. Ɗinkin kaftaninsu ba ya warwarewa a wankin farko, launin abayoyinsu ba ya zuba, lambar takalmin da aka rubuta a kwali ita ce a ƙafa. Farashinsu ya ɗan ɗara na Wambai, amma yaran shagon ba sa matsa wa mutum, ba sa kuma yi masa kallon raini idan ya duba ya fita bai sayi komai ba. Matsalar wurin ajiye mota kuwa ta titin ce gaba ɗaya. Bayan damar mayar da kaya, suna da rangwame iri biyu: ragin kashi 10 cikin 100 a watan azumi ga wanda ya ce marayu zai saya wa kayan Sallah, da kuma karya farashin abin da ya yi saura bayan Sallah, bisa sharaɗin kada mutum ɗaya ya wuce guda 3.

Na fara ganin yadda ake cin amanar wannan tsari da idona ne kwana 3 bayan wata ƙaramar Sallah, ranar da na je canza takalmin da ya matse ɗiyata. A gabana wata mata ta ajiye abaya a kan tebur ta ce ta yi mata yawa. Tun kafin yaron shagon ya buɗe ledar, ƙamshin humra da turaren wuta ya cika wurin, da ya ɗaga rigar kuma ga shatin hoda a wuya, ga takardar farashin ta lanƙwashe alamar an cusa ta ciki an yini da ita. Yaron ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan kamar an saka ta." Ta ce gwadawa kawai ta yi, kuma ai sanarwarsu ba ta hana gwaji ba. Ta ɗaga murya, mutane suka fara juyowa, mai kantin ya fito daga ciki ya ce a ba ta kuɗinta. Na ga lokacin da ya ninke abayar ya jefa ta ƙarƙashin tebur maimakon ya mayar da ita kan marataya, na kuma gane cewa asarar ta zama tasa, tun da ba zai sayar wa wata da ita a matsayin sabuwa ba.

Daga baya, da muka saba, mai kantin ya ba ni labarin abin da ya fi wannan ciwo. Akwai masu zuwa su sayi takalma da jakunkuna da mayafai masu tsada a jera su a akwatin lefe, a kai gidan amarya dangi su gani su yaba, bayan kwana 2 a zare su a dawo masa da su da rasit a hannu, ko ƙura ba su taɓa ba. Bisa ga rubutun sanarwarsa ba shi da hujjar ƙi. Amma abin da ya faru a zahiri shi ne an ari dukiyarsa ba da saninsa ba, an yaudari gidan amarya da ita, shi kuma a kwanakin da kayan suke waje ya sallami masu saye na gaskiya da cewa sun ƙare. Wannan ya daɗe yana damuna, domin cutar ba a kan ɗan kasuwa kaɗai ta tsaya ba, ta shiga har cikin auren da aka fara gina shi a kan ƙarya.

Rangwamen ma bai tsira ba. Ƙa'idar guda 3 ga mutum ɗaya an rushe ta ta hanyar turo yara da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, kowa da kuɗinsa a hannu, har wata 'yar sari ta kwashe rabin abin da aka karyar kafin azahar, da yamma kuma sai ga kayan a shafinta na WhatsApp da farashin da ya kusa na asali. Wasu kan sayi kaya a lokacin ragi, su jira ragin ya wuce, su dawo su ce rasit ya ɓata, su nemi a biya su cikakken farashin da ke jikin kayan. Ragin marayu kuwa, wanda babu abin da ake nema a kansa sai kalmar bakin mutum, ya kai matsayin da kusan duk wanda ya shigo a goman ƙarshe na azumi sai ya ce marayu yake riƙo. Mai kantin ya ce da ni, "Malam, ni ba zan iya cewa Musulmi ya rantse mini a kan maraya ba, amma na san unguwar nan ba ta da marayu masu wannan yawa."

Mai saye yakan ɗauka cewa kantin da ke da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki ba zai ji ciwon riga ɗaya ba. Lissafin ba haka yake ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, kuɗin da ɗan kasuwa ya sayar da kaya jiya ba lallai ya sake saro masa irinsu gobe ba. Kayan Sallah kuma kasuwarsu ta 'yan kwanaki ce. Rigar da ta fita ana jajibiri ta dawo bayan an gama hawan Nassarawa ta riga ta rasa mai sayenta, sai dai ta jira wata Sallar ko a karyar da ita ƙasa da kuɗin sari. Wannan giɓin kuwa a ƙarshe farashin sauran kaya ake ɗora wa, mu da ba mu ci ba mu sha ba mu biya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne muna aikata haka a garin da kusan kowa ya zauna gaban malami. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da dabbar da aka bar nono ya taru a hantsarta don a ruɗi mai saye, an ba mai sayen damar mayar da ita, amma an ce ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Wato ko da mai sayarwa ne ya yi algus, wanda ya amfana da kaya ba ya mayar da su hannu rabbana. To ina ga wanda ba a cuce shi da komai ba, ya sa riga ya je biki ya ɗauki hotuna, sannan ya dawo ya karɓi kuɗinsa cif? Karɓar kaya daga wanda ya yi nadamar saye, abin da malaman fiƙihu ke kira iƙala, alheri ne da aka kwaɗaitar da ɗan kasuwa a kansa, ba bashi ba ne da ake binsa.

A bara kantin ya sauke tsohuwar sanarwar. Yanzu awa 48 ce, canji kawai ake yi ba a mayar da kuɗi, kayan ragi ba a dawo da su sam, kuma kowace riga an maƙala mata wata babbar alamar roba a gaba wadda ba ta ɓoyuwa, in an cire ta kuma shi ke nan. Ragin marayu ya koma sai da takarda daga mai unguwa ko limami. Ban ga laifinsu a yawancin wannan ba, alamar robar ma dabara ce mai kyau da ya kamata a ce da ita aka fara.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma nan ne ƙorafina yake. Kafin babbar Sallar da ta wuce na saya wa ɗana takalmi sau-ciki, a rana ta 4 tafin ƙafar hagu ya ɓalle daga gaba, ana ganin inda gam bai kama ba. Na kai, wani sabon yaro ya nuna mini sanarwa ya ce, "Baba, awa 48 ta wuce, kuma an taka shi." Na ce masa takalmi ai sai an taka ake sanin lafiyarsa. Bai yi mini rashin kunya ba, amma ya tsaya a kan abin da aka ce masa, kuma na lura da irin kallon da yake yi mini, kallon wanda ya saba ganin masu zuwa da dabara. Wannan kallon ya fi kuɗin takalmin yi mini zafi.

Kuskuren sabon tsarin shi ne ya haɗa abu biyu da ba su da alaƙa: wanda ya canza ra'ayi da wanda aka sayar wa kaya mai aibi. Na farko alfarma yake nema, mai kanti yana da ikon ya taƙaita ta yadda ya ga dama. Na biyu haƙƙinsa yake nema, a shari'a mai saye yana da zaɓin mayar da abin da ya samu da aibin da bai sani ba lokacin ciniki, haka kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da haƙƙin masu saye, ta ba shi damar mayar da kaya masu lahani, kuma takardar da aka liƙa a bango ba ta soke wannan. Da na samu mai kantin washegari na yi masa wannan bayani, ya juya takalmin sau ɗaya ya ce, "Wannan laifin kamfani ne, Malam, ka yi haƙuri," ya sa aka kawo mini wani. Na gode masa, amma na gaya masa cewa ba kowa ne zai iya dawowa sau biyu ko ya san fuskar maigida ba, kuma matar da ta biya kuɗin adaidaita sahu daga Kurna ko Hotoro aka mayar da ita da takalmi ɓallalle ba za ta sake waiwayar kantin ba.

Har yanzu a can nake sayayya, ina kuma tura 'yan'uwa, saboda ingancin kayan da gaskiyar farashin ba su canza ba. Wanda zai je ya tafi da awon ƙafar yaransa a zare ko a takarda, ya duba ɗinki da gam tun a gaban tebur, ya adana rasit, ya kuma sani cewa abin da ya saya a ragi ya zama nasa har abada. Mai kantin ya yi mini alkawarin zai ƙara layi ɗaya a sanarwar da zai ware kaya masu aibi daga ƙa'idar awa 48, ya kuma sanar da yaransa. Ranar Asabar da ta wuce na leƙa sayen safa, layin bai hau ba tukuna, na sake tuna masa.