Hotsifot na iPhone da na Android: wanne ya fi tsare sirri?

Wata 'yar'uwa a wannan zaure ta yi tambaya cewa tana da wayoyi biyu, iPhone da Android, kuma tana so ta san wacce ta fi aminci idan za ta kunna hotsifot (wato raba intanet ɗin waya ga wasu na'urori ta Wi-Fi) a cikin jama'a, sannan ko ɓoye sunan hotsifot ɗin zai wadatar ba sai ta wahalar da kanta da doguwar kalmar sirri ba. Malama, Android ta fi ba mai waya zaɓi, iPhone kuma ta fi hana shi yin ganganci, amma a duka biyun kalmar sirrin ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin tsaron.

Ta fuskar ƙa'ida, wayoyin ba su bambanta sosai ba, domin tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2 da dukansu ke bi, wanda aka fara amfani da shi a 2004, bai yarda da kalmar da ta gaza haruffa 8 ba, kuma iyakarsa haruffa 63 ne. Kamfanin Apple ya ja kunne cewa a tsaya kan haruffan Ingilishi da lambobi da alamomin rubutu na yau da kullum, saboda haka wanda ya saka ƙ ko ɗ ko ɓ zai iya tarar da sauran na'urori sun kasa shiga. Bambancin farko shi ne iPhone ba ta barin a buɗe hotsifot babu kalmar sirri, alhali yawancin wayoyin Android suna da wannan zaɓi, wanda a ganina bai kamata ki taɓa shi ba ko da na ɗan lokaci ne.

Abin da ya sa tsawon kalmar yake da muhimmanci shi ne, a ƙarƙashin WPA2, wanda ke kusa da ke zai iya naɗar saƙonnin da wayarki ke musaya da wata na'ura a lokacin haɗuwa, ya tafi da su ya sa kwamfuta ta yi ta gwada kalmomi ba tare da kin sani ba. Lambar waya, ranar haihuwa ko jerin 12345678 ba sa daɗewa a gaban irin wannan gwaji, amma kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna, haɗe da lambobi, suna da wuyar fasawa ƙwarai. Tsarin WPA3 da ya fito a 2018 ya toshe wannan kafa ta gwaji a bayan ido. A sababbin wayoyin Android ke za ki zaɓe shi da hannunki, ko ki zaɓi wanda ya haɗa WPA2 da WPA3 idan kwamfutarki tsohuwa ce. iPhone kuwa ita ke yi miki zaɓin, sai dai daga iPhone 12 zuwa sama akwai maɓallin da ke sauƙaƙa wa tsofaffin na'urori shiga, wanda kunna shi kan rage gudu da kuma tsaro.

A batun suna, Android ce ke gaba. iPhone tana ɗaukar sunan wayar ta mai da shi sunan hotsifot, kuma sau da yawa sunan mai wayar ne a ciki, don haka duk wanda ya duba jerin Wi-Fi a wurin zai karanta shi. Gyaransa sai an sauya sunan wayar baki ɗaya a cikin saiti. A Android ana sauya sunan hotsifot shi kaɗai.

Ɓoye suna, wanda wayoyin Samsung da wasu irinsu ke da shi amma babu a iPhone, ba ya maye gurbin kalmar sirri. Sunan yana fita a iska duk lokacin da wata na'ura ta haɗu, kuma na'urar da ta adana ɓoyayyen hotsifot takan yi ta kiran sunansa a duk inda ta je.

Wayoyin Android da dama suna nuna jerin waɗanda suka shiga har da damar toshe su, ko da yake toshewar ta yi rauni tun da Android 10 da iOS 14 (manhajar iPhone) suka fara ba na'ura lambar shaida ta aro da mai ita zai iya sauyawa, alhali da lambar ce ake gane na'urar da aka toshe. iPhone tana nuna adadinsu amma ba ta da damar toshe su ɗaya bayan ɗaya, kuma idan kin ga baƙo, maganinsa shi ne sauya kalmar sirri, wanda ke fitar da kowa nan take. Idan kin haɗa iyalinki a asusun Apple, ki duba ko an ba su izinin shiga kai tsaye, ki mayar da shi sai sun nemi amincewarki.