Gyaɗar kurege a Manchesta

Mutanen Ƙaura, ina gaishe ku. Watana bakwai a Manchesta, kuma har yau ba abin da ya kunyata ni kamar gyaɗa, ni da kakana ya yi dakon buhunanta zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda.

Ranar wata Asabar na shiga kanti, na hango ɓararriyar gyaɗa cikin leda, jawur da ita, ga arha. Na suri leda biyu, raina ya riga ya dama kunu da tsamiya. A wurin biya matar ta tambaye ni ko ina da lambu. Na ce a'a, kunu zan sha. Sai ta juya ledar ta ɗora yatsa a kan rubutu: ba ta mutane ba ce, ta tsuntsaye da kurege ce. Ga layi a bayana, kowa ya ji. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Kurege fa! Wanda muke bi da kare da gwafa in ya tone mana shuka, shi ake yi wa cefane a nan.

Ba irin namu ba ne mai rami da farin zane a haƙarƙari. Na bishiya ne, ruwan toka, nauyinsa giram 400 zuwa 600, wajen rabin kilo ke nan. Jikin bai cika wuce santimita 30 ba, jelar buzu-buzu ta kusa kamo shi tsawo, ita ke sa ka ɗauka ƙato ne. Namu in ya ƙoshi ya fi shi nauyi, amma namu ya san girman mutum. Wannan zai ɗare katanga, ya riƙe gyaɗa da hannu biyu, ya zuba maka ido kamar kai ne baƙonsa.

Alhali shi ma ɗan ci-rani ne irina. Daga Amurka aka kawo shi a 1876 don ƙawata lambunan masu hali. Kuregen da yake ɗan ƙasa ja ne, ƙarami, da ƙyar yake kai giram 350. Baƙon ya fi shi ci, ga wata cuta da yake yawo da ita, shi ba ta kayar da shi, jan kuwa kashe shi take. Yanzu yawancin jajayen sai can arewa, Sikotilan. Doka ta hana wanda ya kama mai ruwan toka ya sake shi, tsofaffi kuma suna saya masa abinci. Ni dai na kasa gane kan Bature.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin raba gyaɗar mutane da ta dabbobi. In ta yi fumfuna tana fitar da guba mai cin hanta, shi ya sa ake aunawa, ta mutane kuma awonta ya fi tsanani. Mu fa? A shanya a bakin titi, raɓa ta sauka, a ɗura a buhu da danshinta. Wadda ta yi baƙi a ce a kai wa masu ƙuli, ai wuta za ta kashe komai. To suya ba ta gamawa da gubar nan. Goggo, in an karanta miki, har da ke nake.

Leda ɗaya na mayar, ɗayar kunya ta sa na biya. Kullum da safe nakan watsa ɗan kaɗan a bakin taga, shi kuma gogan ya san lokacin. Duk mai tahowa ya riƙo mini ƙulin Goggo, amma a tsince gyaɗar tukuna.