Kwafin takardar umarnin sarkin China da na saya a Guangzhou

Na je sarin kaya na shiga wani ɗan shago, sai idona ya faɗa kan naɗaɗɗen yadi ruwan ɗorawa mai zanen dodanni biyu, wai kwafin umarnin sarki ne. Gaskiya aikin ya yi kyau, rubutun daga sama zuwa ƙasa, ana farawa daga dama, kuma inda aka ambaci sarki ko Sama (ikon da Sinawa suka yi imani shi ke ba sarki mulki) an ɗaga kalmomin sun ɗara sauran layuka tsawo don girmamawa, wannan ya burge ni sosai wallahi, ga jan hatimi mai kusurwa huɗu kan kwanan wata.

Amma mai shagon ya ce min na daular Tang ne, alhali da "fengtian chengyun" ya buɗe, wato sarki na mulki da yardar Sama, kuma fara umarni da wannan sai zamanin daular Ming da ta fara a 1368. Na Tang (618 zuwa 907) da "menxia" suke farawa, sunan ofishin da ke duba umarnin, har yana iya mayar da shi in bai gamsu ba. Abin ya min ciwo don na Tang nake nema.

Yadin ma ba siliki ba ne, sandunan da ake naɗe shi a kai kuma na roba ne. Don ado a falo dai ya yi, ku saya amma ku taya sosai.