GARGAƊI: masu tallan aku da tsirya da "takardar CITES", ku yi hattara da su

Salam jama'a, musamman 'yan uwana masu kiwon tsuntsaye. Dan Allah duk wanda ya ga wani shafi a Facebook ko TikTok yana tallan aku da tsirya, wai yana turawa Kuwait da Dubai da Turai har ƙofar gida da cikakkun takardu, kar ya tura masa ko sisi. Ba mutum ɗaya ba ne, gungu ne, yau wannan suna gobe wancan, amma salon damfarar ɗaya ne.

Bidiyon da suke sakawa na gonakin wasu ne a ƙasashen waje, su sauke su ɗora waƙa a kai. Kana yi musu magana sai su ja ka WhatsApp, ka biya rabin kuɗi, washegari a ce kaya sun maƙale a filin jirgi sai an biya kuɗin kwastam, ka biya, a ce saura na likitan dabbobi, ka biya, sai kuma a ce keji bai cika ƙa'ida ba, haka za a yi ta tatsarka har ranar da ka ce a nuna maka tsuntsun a kiran bidiyo, shikenan an yi bulokin ɗinka. Wani maƙwabcinmu ma ba saye ya je yi ba, jari aka ce ya zuba, wai ana kamo tsirya a daji da arha a kai wa Larabawa a raba riba. Kuɗin da yake tarawa na gyaran shago ne wlh, har yau ba labari.

To abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar takardar nan, don da ita suke rufe wa mutane baki. CITES yarjejeniya ce ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, kuma Najeriya na ciki. A taron da aka yi a Johannesburg a 2016 aka mayar da akun nan mai ruwan toka da jar wutsiya rukuni na ɗaya a jerin CITES, ya fara aiki farkon 2017, ma'ana an hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa kwata-kwata. Sai dai wanda aka ƙyanƙyashe a gona mai rajista, shi ma da zobe rufaffe a ƙafa da lamba. To wanda ya ce maka yana da mutum a ma'aikata da zai buga wa akun daji takarda, me zai buga? Kwamfuta ce kawai da firinta a shagon kafe. Su kuma ƙananan tsuntsayen nan masu kala-kala 'yan asalin Ostareliya da ake kira budgie, ba sa ma cikin jerin CITES ɗin gaba ɗaya, amma sai ka ji an karɓi kuɗin takardarsu, kai jama'a.

Kuma kowace ƙasa da tata dokar fa, ba wai ka fitar daga nan shikenan ba. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen da aka kamo a daji tun 2005 lokacin murar tsuntsaye, a 2007 ta mayar da hanin na dindindin. Sifaniya ta saka tsiryar nan tamu mai zobe a wuya cikin halittun da ke mamaye gari su yi ɓarna, ba a yarda a yi cinikinta ba. A Indiya dokar 1972 ta hana ajiye tsirya 'yar asalin ƙasarsu a keji. Amurka kuwa abin ma jiha-jiha ne, akwai wata koriyar tsirya 'yar Kudancin Amurka mai gina ƙatuwar sheƙa a kan turakun lantarki, a New York kana iya ajiye ta, a Kalifoniya haramun ce. Mutumin da bai ma tambaye ka garin da za a kai ba, ta ina ya san duk wannan?

Masu cewa ai ana fitarwa kullum, ku tuna ƙarshen watan Yulin 2025 kwastam suka kama tsuntsaye sama da 1,600 a filin jirgin Murtala Muhammed na Legas, tsirya da kanari, za a kai Kuwait ba takardun izini. Mu ma nan muna da dokar kare namun daji tun 1985, an yi mata gyara a 2016 an ƙara tara. Wato ko da mutumin ba ɗan damfara ba ne, da gaske yake, kuɗinka cikin laifi ka zuba, kuma shi ya sa da yawan waɗanda aka cuta suke yin gum, kunya da tsoro sun hana su kai ƙara, su kuma 'yan damfarar sun san da haka.

In tsuntsu kake so na sha'awa, je ka wajen mai kiwo da aka sani a garinku, ka ga tsuntsun da idonka, ka ga iyayensa in da hali, ka biya hannu da hannu. In kuma an riga an cuce ka, kar ka goge hirar, ka ajiye rasit ɗin tiransifa da lambar akawun, ka je bankinka da wuri ka shigar da ƙorafi sannan ka kai wa 'yan sanda ko EFCC. Dan Allah a tura wa guruf-guruf na masu tattabaru da kanari, can suka fi yin farauta yanzu.