Akwatin ajiye harsashi mai hana laima: ya yi aikinsa, amma ba kowace cuta yake warkarwa ba

Duk maharbin da ke zaune tsakanin Dass da Toro ya san halin watan Agusta. Ruwa ba ya ɗaukewa, bango na tsattsafo, gishiri na narkewa a kwano, harsashi kuma sai ya fara ƙin tashi. Dalilin da ya sa na sayi wannan akwati ke nan kafin faɗuwar daminar bara. Yanzu ya ga damina, ya ga hunturu, don haka zan iya faɗin abin da na gani.

Akwatin roba ne mai kauri, da hannun ɗauka a sama. Abin da ya raba shi da sauran akwatuna shi ne zoben roba mai laushi da ya zagaye bakin murfin, in ka danne maƙallin sai ya toshe hanyar iska. A ciki akwai ɗan ƙunshin silika, irin ƙwayoyin nan da ake tsinta a kwalin sabon takalmi an rubuta kada a ci. Aikinsu zuƙe danshi. Nawa masu launin lemo ne, in sun ƙoshi sai su koma kore, ka san lokacin busar da su ya yi. Bindigata mai baki biyu ce, lamba 12 a ma'aunin faɗin baki, da lasin ɗinta, kuma aikinta bai wuce zabin daji da fakara da korar birai daga gonar masara ba.

Ta fannin ajiya ba ni da ƙorafi. Harsasan da suka kwana a cikinsa damina guda sun fito gindinsu na ƙyalli. Waɗanda na bari cikin kwalinsu a kan kanta kuwa, don in ga bambanci, sun yi ɗigo-ɗigon tsatsa. Mutane da yawa na zaton gindin harsashi tagulla ce zalla, alhali yawanci ƙarfe ne aka shafe shi da ruwan tagulla. Kai masa maganaɗisu ka ga yadda zai manne. Shi ya sa yake tsatsa, in ya yi kuma sai ya maƙale a bindiga ya ƙi fita. Tsofaffin harsasai masu jikin takarda sun fi shan wahala, su har kumbura suke yi.

Sai dai ga inda nake so 'yan'uwa maharba su tsaya su saurara, domin mai shagon ya sayar mini da akwatin kamar shi ne maganin duk wani ƙin tashi. Ba haka ba ne. A tsakiyar gindin harsashi akwai 'yar cibiya mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa in an doke shi, shi ne ke kunna albarushi. Allurar bindiga ce ke dukanta in ka ja kunama. To in harsashi ya ƙi tashi, cibiyar nan ce za ta gaya maka mai laifi. In ka ga rami mai zurfi a tsakiyarta, allura ta sauke nauyinta, harsashin ne ya mutu, ko laima ta kashe shi ko mai ya shige shi. In kuwa ɗan tabo ne sama-sama, ka bar zargin harsashi, ka koma kan bindiga: ko sifirin da ke tura allura ya gaji, ko bakin allura ya cinye, ko datti ya cika ramin da take bi. In tabon ya karkace gefe, wannan ma na bindiga ne. Kuma mai baki biyu tana sauƙaƙa bincike, domin in kullum baki ɗaya ne ke ƙi, ɗayan na tashi da harsasan kwali guda, magana ta ƙare.

Da hunturu na ga haka da idona a wurin wani dattijo da muke fita tare. Bindigarsa ta yi ta ƙi, har ya fara cewa an ɗaure mata baki, yana shirin neman makari. Na ce, "Baba, a ba ni kwanson in duba." Tabon ko zurfin ƙwayar gero bai kai ba. Man da yake ɗura mata da yawa ne ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare a ramin allura, ga sanyin asuba ya ƙara masa kauri. Da aka kai ta wurin mai gyara ya wanke, ta dawo daidai. Da akwati goma zai saya, ba abin da zai canja. Ban yi masa gardama kan batun asiri ba, wannan ba hurumina ba ne.

Maganar mai ta cancanci a maimaita. Man feshin nan mai ratsa tsatsa yana ratsa cibiyar harsashi ma. Kada a fesa shi da harsashi a cikin bindiga, kada kuma a haɗa gwangwaninsa ko tsumman goge bindiga da harsasai a akwati ɗaya. Akwatin da ya hana iska shiga ya hana warin mai fita.

Wani abin da ya kamata a ce an rubuta a jikin murfin da manyan baƙaƙe: in ka ja kunama ka ji ƙas ba ƙara, kada ka buɗe nan take, kada ka leƙa baki. Riƙe ta yadda take, bakinta na kallon inda ba kowa, ka ƙirga aƙalla daƙiƙa 30. Harsashin da ya sha laima kan yi jinkiri sannan ya tashi. Haka in ƙarar ta fito a raunane, ka cire harsasai ka duba ta gindi ko hanya a buɗe take, domin toshiyar robar da ke cikin harsashi na iya tsayawa a hanyar, harbi na gaba kuma ya fasa bakin a hannunka.

Samari kan turo mini bidiyon Amurkawa masu sake cika kwanson harsashi a gida, suna tambaya ko ba za a farfaɗo da matattun haka ba. Su can doka ta ba su dama, kuma ko su suna fama da ƙin tashi, musamman in cibiya ba ta zauna daram a gurbinta ba, dukan farko sai ya ƙare wurin tura ta ciki. Mu nan Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi ba tare da izini ba. Harsashin da ya mutu ya mutu, kada a tone shi, kada a jefa shi a wuta ko a bola inda yara ke tsince-tsince. A ware shi a miƙa wa 'yan sanda.

Aibin akwatin? Ƙunshin silikar da ya zo da shi ya yi ƙanƙanta, tun kafin tsakiyar damina ya koma kore, sai da na ƙaro wasu. Busar da su kuma na son zafi mai sauƙi, kamar digiri 120 a obin, abin da ba kowane gida ke da shi ba. Rana ba ta isa a watan da kullum hadari ne. Wurin sa kwaɗon ma roba ce siririya, yaro mai naci da wuƙa zai gama da ita, don haka nake kulle shi cikin akwatin ƙarfe, nesa da inda bindiga take. Sannan in ka rufe shi da harsasan da suka jiƙe daga daji, ka kulle laimar ne tare da su. Goge su, bar su su sha iska a inuwa, sannan ka zuba.

Mai sayen kwali ɗaya ya harbe cikin mako biyu ba ya bukatarsa. Wanda kuwa ke ajiye harsashi daga kaka zuwa kaka, musamman a ɗakin ƙasa, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba, in dai ya haɗa da ƙarin silika tun ranar saye.